Kai na uku na keken surfani ya addabe ni da tsinka zare: in taɓa taimin ko in bari?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Don Allah shawara nake nema. Keken surfani na kwamfuta nake aiki da shi, mai kai huɗu, kowane kai allura 12. Wata bakwai ke nan da maigidana ya damƙa mini shi. Yau kusan sati biyu kai na uku ya hana ni sakat da tsinka zare. Sauran ukun suna tafiya lafiya lau, shi kuwa ba ya cika ɗinki dubu biyu sai fitila ta yi ja, keke ya tsaya cak. Kun san kuma in kai ɗaya ya tsaya, duka sun tsaya. Na sake zare, na sassauta tenshan, wato tsaurin zare, na ƙara, duk ba ta sake zani ba. Jiya wani ya leƙo, ƙarar kawai ya saurara ya ce taimin ne ya goce, wato daidaiton lokacin haɗuwar allura da ƙugiya, ƙarfen nan mai juyawa a ƙasa da ke ɗaukar zare daga allura, wai in kwance sukurorin da ke riƙe ƙugiyar in ɗan juya ta. Ga sukundireba a hannuna amma gabana faɗuwa yake. In kwance ko in bari?

Tsohon_Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye sukundireban nan tukuna, kada garin gyaran gira a rasa ido. Taimin shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, ba na farko ba. Amsa mini tambaya uku kafin komai. Allura ɗaya ce take tsinkawa a kan nan, ko duk wadda ka sa? A wuri ɗaya na zanen yake tsinkewa kullum, ko ko'ina? Sannan sauran kawunan, zane ɗaya da yadi ɗaya suke ɗinkawa da shi?

Ga dalilin tambayata. In allura ɗaya ce, laifin yana sama: ita allurar, ko hanyar da zarenta ya bi, ko kwanon zaren, wato dunƙulen da yake warwarowa daga ciki. In duk alluran kai ɗaya ne, laifin yana ƙasa, wurin da suka yi tarayya a kansa: kwarkwaron zaren ƙasa, ƙoshiyar da yake zama a ciki, ƙugiya, farantin allura. In kuwa duk kawunan ne suke tsinkawa a wuri guda, to keke bai yi laifi ba, zane ne. Wanda ya san wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

MaiKaiShida:
Ka ji maganar Baba. Ni a jikin bango na rubuta tambayoyin nan saboda yaran da ke aikin dare.

Ɗan_Digiri:
Ni fa ban ga abin tsoro a taimin ba. Mutane sun mayar da shi dodo. A keken kamfanin Tajima da kekunan da suka kwaikwaye ta, akwai dabaran mai alamun digiri, keke yana tsayawa a digiri 100, allura tana kaiwa ƙarshen ƙasa a 180, bakin ƙugiya kuma yana zuwa bayan allura a wajen 200. Ka juya dabaran ka kai 200, ka daidaita bakin ƙugiya da tsakiyar allura, ka ɗaure. Minti goma. In ba ka taɓa ba yaushe za ka iya?

Uwar_Zare:
Ƙanena, kafin a tafi digiri, ɗauko bakin zaren da ya tsinke ka duba shi da kyau a haske. Zare yana faɗin abin da ya same shi. In ya yanke ƙat kamar an sa almakashi, ko dai ya yi tsauri da yawa, ko ya maƙale a wani wuri a hanya, ko wani abu mai kaifi ya datse shi. In ya tsefe, ya yi gashi-gashi, har ka ga ɗan curi ya taru a saman kafar allura, to gogarsa ake yi da wani abu mai kaushi har ya cinye. In kuwa bakin lafiyayye ne, zarewa kawai ya yi daga allura, wannan ba tsinkewa ba ce sam, wata matsala ce daban. Wanne kake gani?

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai. Baba, duk alluran kai na ukun ne, sai dai ta bakwai ta fi yawa. Ba a wuri ɗaya ba ne, ko'ina. Kuma aiki ɗaya duk kawunan suke yi, tambarin makaranta ne a aljihun riga. Anti, tsefewa yake yi, da ɗan curin nan da kika faɗa daidai.

Allura75:
Yaushe rabonka da sake allura? Kuma ya ka saka ta? Na tambaya ne domin allurar waɗannan kekuna, DBxK5, gindinta zagayayye ne, ba ta da ɓangare mai faɗi irin ta keken gida da zai tilasta maka saka ta daidai. Tana iya shiga ta kowace fuska. Doguwar tsagar nan ita ce take kallonka, ɗan kwarmin da ke saman kafa yana baya, inda ƙugiya take wucewa ta ɗauki zare. Kuma ka tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure. Na sha ganin allura ta sauka da kamar milimita ɗaya, ana ta zagin taimin alhali ba ruwansa.

Sabon_Hannu:
Na sake guda uku kawai a cikin sha biyun. Sauran tun da na karɓi keken suke.

Allura75:
Wata bakwai! Sake su duka a kan nan yau ɗin nan, da masu lambar kauri 75/11. Allura ce mafi araha a duk kayan keke, kuma ita ce aka fi yi wa rowa. Kafar allura tana cinyewa da gogar zare, musamman na foliyesta, ido ba ya gani amma zare yana ji.

MaiZane:
Ni kam duk lokacin da na ji ana kukan tsinkewar zare, zanen nake fara tuhuma. Tambarin makaranta ka ce? Da ƙananan rubutu a zagaye ko? Yawancin masu haɗa irin wannan zane rage girma kawai suke yi a kwamfuta ba tare da rage yawan ɗinki ba. Sai ka tarar da ɗinki gajere ƙasa da milimita ɗaya jibge a wuri guda, allura tana ta sara a rami ɗaya, ta yi zafi, zare ya tsefe. Satin na yau da kullum, wato ɗinkin nan mai kai-komo gefe da gefe, da zare mai lamba 40, tazarar 0.4 ta milimita ta wadatar. In rubutu ya yi ƙanƙanta sosai, a koma siririn zare mai lamba 60 da siririyar allura 65/9.

MaiKaiShida:
Malam MaiZane, maganarka gaskiya ce amma ba a nan ba. Ya ce kawuna uku suna ɗinka zanen nan lafiya. Da zane ne da duk sun koka.

MaiZane:
Ban musa ba, Oga. Amma zane mai nauyi shi yake tona asirin kan da ya raunana. Kai mai lafiya zai daure ya wuce, mai ɗan rauni ya kasa. Ya gwada sassauƙan zane a kai na ukun kaɗai, sanda-sandan satin masu faɗi, ya ga ko adadin tsinkewar zai ragu. In ya ragu ƙwarai, akwai laifi biyu ke nan, ba ɗaya ba.

Kuma tunda ana maganar, mutane su sani fayil ɗin DST, wanda ake sa wa keke zane da shi, ba ya ɗauke da komai sai umarnin motsi da tsayawa da canjin allura. Ko launi babu a ciki, kuma ɗinki ɗaya ba ya wuce milimita 12.1. In ka buɗe shi ka ƙara ko ka rage girma da yawa, ba gyara ka yi ba. Ku riƙa karɓar asalin fayil ɗin daga wanda ya haɗa muku.

Hajiya_Kai_Biyu:
Babu wanda ya tambayi mai. Ɗana, sau nawa kake ɗiga wa ƙugiya mai?

Sabon_Hannu:
Duk ranar Asabar, Hajiya, in na gama share keke.

Hajiya_Kai_Biyu:
To ga babbar matsala nan. Ƙugiya tana juyawa sau biyu a kowane ɗinki ɗaya. In kana gudu 800 a minti, ita tana yin 1,600. Ƙarfe ne a kan ƙarfe. Ɗigo ɗaya take so duk bayan awa huɗu zuwa takwas na aiki, ba sati ba. Ni da safe kafin a kunna, da kuma tsakar rana. Ka cire ƙoshiya, ka ɗiga a layin da kwandon ciki yake gogar na waje, ɗigo ɗaya tak. Sai ka ɗinka ɗan wani abu a kan ƙyalle kafin ka ɗora kayan mutane, don kada mai ya ɓata farin yadi. Busasshiyar ƙugiya tana da wata ƙara ta daban, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wataƙila ita mutumin naka ya ji ya ce taimin.

Sandunan allura kuma su ne na sati-sati, su ma kaɗan. Giris yana da wurarensa da lokacinsa, wannan ka duba littafin kekenka.

Kwarkwaro_L:
A ƙara da cewa farin man keken ɗinki kawai. Akwai wanda ya taɓa yi mini aiki ya zuba man inji na mota a ƙugiyoyi biyu ina wata tafiya. Da na dawo ya kama ƙura da burbushin zare ya zama kamar kwalta. Kwana na yi ina wankewa. Man fesawar nan na kwance tsatsa shi ma ba man ƙugiya ba ne, wanke wanda ke ciki yake yi ya bar ta a bushe.

Ɗan_Digiri:
Duk kawunan fa sati-sati yake ba su mai, ba na uku kaɗai ba. Me ya sa sauran ba su tsinka? Har yanzu ina kan bakana.

Tsohon_Makanike:
Wannan tambayar taka mai kyau ce, Ɗan_Digiri, ita nake jira a yi. Ruwa ba ya tsami banza. Kai ɗaya, dukkan allurai, zare yana tsefewa, kuma abin ya fara ne rana ɗaya. Ɗana, ka tuna da kyau: sati biyun nan da suka wuce, allura ta karye a kai na uku?

Sabon_Hannu:
Ƙwarai kuwa, Baba. Muna aikin wasu jakunkuna masu kauri, ban zagaya zanen na gwada iyakarsa ba kafin in tayar, ƙafar da ke danne yadi ta daki firam ɗin da aka ɗaura jakar a ciki, allura ta bakwai ta karye gida uku. Na tsinci biyu, na ukun ban gan shi ba. Na sa sabuwa na ci gaba. Wallahi ban haɗa wannan da wancan ba.

Tsohon_Makanike:
Madalla, yanzu muka zo wurin. Kashe keken daga makunni. Kwance farantin allura. Nemi guntun nan na uku da maganaɗisu, yana iya kasancewa a cikin ƙugiya ko wajen wuƙaƙen yanke zare.

Sannan ka ɗauki farantin ka duba ramin da allura ke shiga, sama da ƙasa. Allura in za ta karye sai ta sari bakin ramin ta bar masa tabo. Zura zare a ramin, ka riƙe bakin biyu, ka goga shi a duk kewayen. In akwai kaushi zai tsefe a hannunka kamar yadda yake yi a keke. Daga nan ka bi ƙugiya da farcenka a hankali, bakinta mai tsini, bayanta, da gefen da zare yake zamewa a kai in ya zagayo kwarkwaro. Farce yana jin abin da ido bai gani ba. Wasu suna amfani da auduga, duk inda ta maƙale akwai tabo. Kada ka manta ramin ƙafar da ke danne yadi, tunda ita ta daki firam. Duba ko ta karkace, allura a tsakiyar raminta ya kamata ta bi.

Tabo ƙarami ana goge shi. Akwai igiyar sanfefa siririya da ake zurawa a rami, a ƙugiya kuma sanfefa mafi laushi da za ka samu, da sauƙin hannu, santsi kake nema ba sassaƙa ba. Amma in tsinin ƙugiyar ne ya dakushe ko ya guntule, kada ka ɓata lokaci, sabuwa za a sa. A nan ne kaɗai dole a yi taimin.

Ɗan_Digiri:
To ai ga shi. Dukan da ya karya allura gida uku yana iya gusar da ƙugiya. Na faɗa tun farko.

Tsohon_Makanike:
Yana iya yi, ban ce ba ya yi ba. Amma duba taimin daban, kwance taimin daban. Ya sa sabuwar allura, ya juya dabaran da hannu zuwa digirin da littafin kekensa ya faɗa, ya haska fitila ya gani. Tsinin ƙugiya yana daidai bayan allura a cikin kwarmin nan? Tazarar da ke tsakaninsu kamar kaurin takarda ce, ba ta taɓa ba kuma ba ta yi nisa ba? In haka ne, ya bar ta. Duk wannan babu sukuru ko ɗaya da aka kwance.

Kuma lambobin da ka kawo na Tajima ne da masu bin tsarinta. Barudan da ZSK da Melco kowanne da nasa lissafin, kada wani ya karanta 200 a nan ya je ya ɗora wa keken da ba nasa ba. Abin da kuma ba ka faɗa ba, kafin taimin ana tabbatar da zurfin allura, sannan bayan an ɗaure ana gwadawa da allurar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, domin tazarar takan ɗan bambanta. Wanda ya daidaita da allura ɗaya kawai, sai ya gyara ta ɗaya ya ɓata ta sha biyu.

Alamar taimin ma yawanci tsallake ce, ɗinki ya ƙi kamawa, ko zaren ƙasa ya ƙi hawowa a farkon aiki, ko allura ta riƙa karyewa. Shi bai ambaci ko ɗaya ba.

Hana_Sallah:
Ku da kuke aikin shimfiɗe kuna cikin daɗi. Mu masu hula karyewar allura abokiyar zama ce. Ɗinkin tsakiyar nan na gaban hula shi ne maƙabartar allurai. Abin da ya rage mini asara: na sauke gudu zuwa 600 ko 650, na koma allura 80/12 mai tsini, kuma na daina karɓar zanen da ba a haɗa shi don hula ba. Na hula daga tsakiya yake farawa ya bazu gefe, daga ƙasa ya hau sama. In aka ɗora na riga a hula, yadin yana taruwa a gaban allura, layin gefe ya goce. Sannan ɗaurin hular a firam, in akwai iska tsakaninta da faranti, tana tsalle tare da allura, allura ta lanƙwashe ta sari ƙarfe. Ni kowane wata sai na bi farantina da igiyar sanfefar da Baba ya faɗa.

Uwar_Zare:
Wannan tsallen yadin ba a hula kaɗai yake ba. Duk yadin da aka ɗaura sako-sako a firam haka yake yi, ya bi allura sama, madaukin zaren da ƙugiya za ta kama ya ƙi fitowa daidai. Daga nan sai tsallake, ko zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin faranti ya yi curi har riga ta maƙale. Ya kamata yadi ya miƙe sumul a firam amma ba a ja shi har ya tale ba, musamman mai talewa irin na riguna masu laushi. Shi wannan takardar baya da ake yankewa da almakashi yake so, ba wadda ake yagewa ba, da allura mai dunƙulallen baki don kada ta huda zaren saƙar. Na ga an huda riguna da dama saboda rashin sanin wannan, ramukan ba sa fitowa sai an yi wanki.

Baƙo_a_Sana'a:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda manya suna nan. Nawa mai kai ɗaya ne. Ba ya tsinka zare a tsakiyar aiki, amma duk lokacin da ya yanke ya canza launi, in ya tashi farawa sai zaren ya zare daga allura. Shi ma taimin ne?

MaiKaiShida:
A'a. Wannan ita ce ta ukun da Anti Uwar_Zare ta faɗa a sama. Wutsiyar da wuƙa take bari ce ta yi gajarta. Shiga saitin keke ka ƙara tsawon wutsiya. In bai yi ba, duba ɗan ƙarfen nan mai yatsu da yake shiga gaban ƙoshiya lokacin yanka, shi yake riƙe zare don a sami tsawo, yakan lanƙwashe. Duba kuma abin da ke kama wutsiyoyin zare a bayan allurai, mai kama da maɗaurin takalmi mai ƙaya-ƙaya, in ya cika da burbushi ko ya cinye ba ya riƙewa. Tenshan na sama in ya yi tsauri shi ma yana fizge zaren baya da an yanke.

MaiZane:
A tabbatar kuma akwai ɗinkin kulli a farko da ƙarshen kowane yanki a zanen, kuma keke ya fara 'yan ɗinkin farko a hankali.

Baƙo_a_Sana'a:
Na gode. Na ƙara tsawon wutsiya, ya yi sauƙi, sau ɗaya kawai ya zare a aiki mai launi shida.

Kwarkwaro_L:
Mu koma kan mai tambaya. Ka ce ka sassauta tenshan ka ƙara. Wannan ya dame ni, domin yanzu maƙunnan kai na uku duk sun rikice, ko an gyara tabon sai ka sake saita su. Kuma ba daga sama ake farawa ba, daga ƙoshiya ne, tunda ita ɗaya ce take yi wa allurai 12 aiki. Ciro ta, ka zura kusurwar takarda mai ɗan tauri a ƙarƙashin sifirin ɗin nan mai faɗi da ke danne zare a jikinta, ka ga abin da zai fito. Ƙwayar dauɗa ɗaya in ta ɗaga shi, duk juya sukurun da za ka yi a banza ne. Kada ka sa allura ko fil, za ka karce shi. In ƙoshiyar ta taɓa faɗuwa ƙasa, a canza ta, ba ta komawa daidai.

Ni da ma'aunin tsaurin zare nake aiki, na kamfanin Towa. Giram 18 zuwa 22 nake sa na ƙasa. Bayan nan sai a ɗinka sandar satin da kowace allura a juya baya: farin zaren ƙasa ya ci kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, na sama kashi ɗaya-ɗaya a gefe. In fari ya yi faɗi, sama ya yi tsauri. In ya zama siriri ko ya ɓace, sama ya yi sako.

Hajiya_Kai_Biyu:
Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki ban mallaki ma'auni ba. Riƙe zaren nake yi ƙoshiya tana reto, in ɗan girgiza hannu. In ta sauka kaɗan ta tsaya, daidai ne. In ta zube ƙasa, ta yi sako. In ta ƙi motsi, ta yi tsauri. Hannu yana koyo.

Kwarkwaro_L:
Hajiya, hannunki ya koya, na yarda. Amma hannun wata bakwai fa? Kuma mai kai huɗu yana bukatar ƙoshiya huɗu su zama iri ɗaya, in ba haka ba riguna huɗu su fito kala huɗu. Ga shi kuma gwajin girgizawa ya danganta da nauyin kwarkwaro, cikakke daban, wanda ya kusa ƙarewa daban. Kwarkwaro mai maganaɗisu ma ba ya gwaduwa haka yadda ya kamata.

Hajiya_Kai_Biyu:
Bayan ɗinkin shi ne alƙali, ko da ma'auni ko babu. A nan dai mun haɗu.

Iska_Mai_Ƙarfi:
Game da shara, ni da iskar kwamfresa nake hure wajen ƙugiya da wuƙaƙe kullum da yamma. Minti biyu an gama.

Tsohon_Makanike:
In za ka hura, cire faranti tukuna, kuma ka hura ta fito waje, ba ka tura ta ciki ba. Na buɗe kekunan da burbushi ya cushe a bayan wuƙa mai motsi har ta kasa komawa mazauninta. Ka tabbata kuma babu ruwa a tankin kwamfresar. Ni buroshi na fi so, sai dai a ce na tsufa. Kusa da allon lantarki kuwa kada iska mai ƙarfi ta je.

MaiKaiShida:
Tunda an ambaci allon lantarki: duk wanda wutarsa take hawa da sauka ya sa wa keke abin daidaita wuta. Zare da allura ana sakewa a minti ɗaya, allo in ya ƙone sai keke ya yi makonni a rufe.

Sabon_Hannu:
Na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa maigidana duk abin da kuka rubuta, muka buɗe tare. Guntun allurar yana nan kwance a gefen wuƙa, maganaɗisu ya ɗauko shi. Ramin faranti yana da sara a gefen dama ta ƙasa, da na goga zare sau huɗu ya tsefe a hannuna. A bayan ƙugiya kuma farcena ya maƙale a wuri ɗaya, amma tsinin lafiyarsa lau. Mun ɗauko farantin kai na huɗu muka sa a na uku don gwaji, muka goge ƙugiyar a hankali, na sake allurai 12, na ɗiga mai. Abin da ya fito daga ƙarƙashin sifirin ƙoshiya kuwa kamar ɗan ƙullin auduga. Mun duba taimin kamar yadda Baba ya ce, ba mu kwance komai ba, a idonmu daidai yake.

Tun safe na yi ɗinki sama da dubu arba'in. Allurai goma sha ɗaya ba su tsinka ko sau ɗaya ba. Amma ta bakwai ta tsinka sau biyar, kuma har yanzu tsefewa ce.

Allura75:
Alhamdu lillahi. Yanzu ta koma matsalar allura ɗaya. Wane zare ne a ta bakwai?

Sabon_Hannu:
Ja ne, rayon. Kwanon ya daɗe, kuma shi ne a gefen taga.

Uwar_Zare:
To ni zaren nake zargi. Rayon ba shi da ƙarfin foliyesta tun asali, in kuma rana ta daɗe tana dukansa sai ya bushe ya yi rauni. Ja guntu ka tsinka da hannu, ka gwada da sabo, za ka ji bambanci. Warware 'yan yadudduka na sama ka zubar, wani lokaci na ciki yana da lafiya. Hanya mafi sauƙi: ɗauke jan nan ka kai allura ta uku, ka kawo na ukun ta bakwai. In matsalar ta bi zare, shi ke nan.

Ɗan_Digiri:
In kuma ta tsaya a ta bakwai, ku tuna ita ce ta sha dukan. Sandarta na iya lanƙwashewa ko zurfinta ya canza. Zurfin allura kuwa ɗan'uwan taimin ne, ko Baba ba zai musa ba.

Tsohon_Makanike:
Ba zan musa ba. Sandar da ƙafarta su nake zargi ni ma, fiye da zaren. Ɗana, yi gwajin Uwar_Zare tukuna don shi ba ya cin komai. In ta bakwai ta ci gaba, sauke ta da hannu a hankali ka ga ko a tsakiyar ramin faranti take faɗawa, ka gwada da ta shida da ta takwas. Ka kuma goga zare a ramin ƙafarta kamar yadda ka yi wa faranti, ban ji ka ambaci wannan a rahotonka ba. Daidaita zurfin kuwa kada ka yi kai kaɗai karon farko, a samu wanda ya taɓa yi ya tsaya a kanka.

Hajiya_Kai_Biyu:
Ku duba ɗan sifirin nan siriri da ke rawa kusa da maƙunnin tenshan na ta bakwai ma. Da ya yi ta murɗa maƙunnai sati biyu, ba mamaki ya gusa shi.

Sabon_Hannu:
Ramin ƙafar ban goga ba gaskiya, mantawa na yi. Yanzu akwai riguna sittin a kan keke da za a karɓa gobe, na mayar da jan zuwa allura ta uku don aiki ya tafi, ya yi riguna takwas ya tsinka sau ɗaya. Ta bakwai ban sa mata komai ba tukuna. In na sauke aikin nan zan ɗora mata sabon kwano in gwada ta a ƙyalle. Baba, in ramin ƙafar ne yake da sara, ita ma gogewa ake yi ko canzawa?